Ɗanku mai galahanga ya balaga: ku rage jayayya, ku gyara tsari

Iyaye 'yan'uwana, mu ji tsoron Allah mu daina kiran duk abin da yaro mai lalurar galahanga, wato otizim, ya yi da sunan taurin kai. Ɗan shekara 14 ya kafe sai da kofi ɗaya zai sha ruwa, an gusar masa da takalmi daga inda ya ajiye ya tada gida, sai mu ɗauko tsawa da bulala. Tun a 1943 likita Leo Kanner, da ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan lalura, ya lura da nacinsu na son komai ya zauna yadda yake. Yaron yana shan wahalar hango abin da zai biyo baya, shi ya sa yake riƙe abin da ya saba ƙam-ƙam. Balaga kuma ta zo ta ƙara dagula lissafi: jiki na canzawa, barci ya rikice, wanda kake ɗagawa da hannu ɗaya jiya yau ya kamo ka a tsayi.

Idan hali ya ɓaci farat ɗaya, ku fara da jiki. Ciwon haƙori, ciwon kunne, taurin bayan gida, ciwon mara ga 'ya mace, duk suna fitowa a matsayin faɗa ga wanda bai iya cewa "nan ke min ciwo" ba. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Farfaɗiya ma ta fi yawa a cikin masu galahanga, tana kuma iya farawa a shekarun balaga, don haka in yana ƙura ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, a kai shi wurin likita.

Sannan ku samu littafi ku yi rubutu na mako biyu. Duk rigimar da ta tashi, ku rubuta lokaci, abin da ya faru kafinta, abin da ya yi, da abin da kuka yi masa bayanta. Na ƙarshen nan ne ke tona asirinmu. In duk sanda ya yi ihu ake mayar masa da waya don a samu lafiya, to mu muka koya masa cewa ihu na biya.

Yawancin rikici a wajen sauya aiki yake tashi. Ku liƙa jadawalin yini a bango, da hoto ko da rubutu. Kafin a kashe waya, a sanar da shi saura minti 10, sai 5, sai 1, da agogon da yake gani da idonsa. Ku guji "an jima" da "wataƙila", domin yadda kuka furta magana haka yake ɗaukarta. Ku ce "ƙarfe 5". Umarni ɗaya a lokaci guda, gajere, ku yi shiru daƙiƙa 10 ya juya shi a kansa. In za ku maimaita, da kalmomin farko za ku maimaita, canza su kamar sabon umarni ne a wurinsa. Maimakon "je ka yi wanka", ku ce "wanka kafin abinci ko bayan abinci?"

Sassauci kuwa koyar da shi ake yi, a ranar da yake cikin natsuwa. Ku sa kati mai rubutun "canji" a jadawali sau ɗaya a mako, ku fara da canjin da zai yi masa daɗi, misali a ɗage aikin gida a ba shi abin da yake so. Ya saba, sai ku kawo wanda ba daɗi ba ɗaci. Kowace fita ku tsara ta da shiri na biyu: "in mun tarar an rufe, ga inda za mu." Kofin nan kuma ku bar masa kayansa. Ƙarfinku ku tanada don abin da ke da haɗari, kamar dukan mutane da fita titi da wasa da wuta, uwa da uba kuma bakinku ya zama ɗaya a kansu.

In ya riga ya birkice, wa'azi ba ya shiga. Ku rage haske da hayaniya, ku fitar da ƙanne, ku kawar da wuƙa da kayan da ke iya fashewa in an jefar, ku tsaya gefe inda yake ganinku. Kada ku danne shi sai in rai ko lafiya na cikin haɗari, kada kuma a kwantar da shi rub da ciki a hau bayansa, numfashi na iya tsayawa. Magana sai ya huce sarai, ko da kuwa sai gobe.

Babu ƙwayar da ke cire galahanga. Likitoci kan rubuta risperidone ko aripiprazole idan duka ko cutar da kai ya yi tsanani, amma suna sa ƙiba da yawan barci, dole a riƙa auna nauyi da sukarin jini. Kada ku ba shi na ɗan wani, kada kuma ku tsayar masa da nasa rana ɗaya ba tare da sanin likitan da ya rubuta ba.