A ji ta bakin mutum kafin a kai mishi buldoza

Duk wanda ya taɓa riƙe kiyos a bakin gudron garin Maraɗi ya san tsoron nan, ka kwana da shago ka tashi ka tarar an shafa mishi jan fenti. Ni ban ce hukuma ba ta da ikon tada mutane ba, hanya ta kowa ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a yanke ma mutum hukunci ba a kira shi ba, ba takarda ba sa hannu, sai dai "daga sama aka ce".

Kuma fa dokar mulkin da muka gada daga Faransa ita kanta ba ta yarda da haka ba. A 1944 wata bazawara mai kiyos na saida jaridu a Paris, Trompier-Gravier, prefe ya janye mata izini bisa zargin ta so tatsar kuɗɗi hannun mai kula mata da wurin. Ta kai ƙara, babbar kotun da ke shari'a tsakanin mutane da gwamnati ta soke matakin, ba don ta wanke ta ba, a'a, don ba a ba ta damar kare kanta ba. Kan kiyos fa! Mu ma ba baƙon abu ba ne wurinmu, Annabi (SAW) ya hori Sayyadina Ali kada ya yanke hukunci sai ya ji na biyun kamar yadda ya ji na farko.

To wani zai ce ai ga jastis nan. Haka ne, akwai ƙarar neman soke matakin da hukuma ta wuce gona da iri, amma kafin nan sai ka fara rubuta ma wanda ya ɗau matakin ko na sama da shi ka nemi ya sake dubawa, kuma akwai wa'adi, in ka tsaya zaryar gidan ɗan siyasa kana neman alfarma lokaci ya wuce shi kenan alƙali ba zai ma buɗe dosiyenka ba, ga kuɗɗin lauya, in maganar ta kai Yamai kuma tafiyar fiye da kilomita 600 ce. Mai saida caja da katin waya ina zai iya? Ko ya ci shari'ar, ihu ne bayan hari, kwanon ya daɗe a hannun 'yan gwangwan.

Shi ya sa nake ganin gyaran a ofishin magajin gari yake. A rubuta sanarwa, a faɗi dalili, a ba mutum kwanaki ya zo da rasit ɗin harajin da ita hukumar ta yi shekaru tana karɓa. Kai kuma ɗan'uwa in an zo maka da baki, ka nemi a ba ka a rubuce da kwanan wata da hatimi, don alƙali da takarda yake aiki.