Bishiya Ba Abar Bauta Ba Ce, Amma Za A Tambaye Ka A Kanta

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Zafi na ƙaruwa, rijiyoyi na ƙafewa, dazuzzuka na komawa fili fetal, kuma abin ya fara taɓa imanin mutane ta fuska biyu. Akwai waɗanda suka ga ɓarnar ta yi yawa, suka kasa kunne ba su ji an ɗauko zancenta a kan mumbari ba, sai suka yanke cewa addini ba ruwansa da ƙasa da ruwa. Daga nan salla ta fara yi musu nauyi, suna cewa su a daji ko a bakin teku suke samun natsuwa, halitta kawai ta ishe su abin girmamawa. Akwai kuma waɗanda da zarar an ce kada a sare, kada a ƙona, sai su ce ai ƙaddara ce, alamun ƙarshen zamani ne. Kowanne ya kauce, kuma sakacin na biyun ne yake kora na farkon.

Iyakar a bayyane take. A Suratu Fussilat aya ta 37, Allah Ya kira dare da rana da wata ayoyinSa, sannan nan take Ya hana a yi wa rana ko wata sujada. A hanyar Hunaini wasu sababbin musulunta sun roƙi Manzon Allah (SAW) ya ware musu bishiyar da za su riƙa rataya makamai don neman albarka, irin Zatu Anwaɗ ta mushirikai, ya tsawatar musu, ya kamanta roƙonsu da na Banu Isra'ila ga Annabi Musa. Manzon Allah (SAW) ne kuma ya dubi Uhudu ya ce dutse ne da yake son mu, muke son sa. Ke nan son halitta da tausaya mata sunna ne, neman biyan buƙata a wurinta ne shirka. Wanda zuciyarsa ke narkewa idan ya ga an kwantar da tsohuwar bishiya, imaninsa bai samu matsala ba, kuma ba ya buƙatar fita daga addini kafin ya sami inda zai ajiye wannan tausayin.

Mai fakewa da ƙaddara kuma ya karanta Suratur Rum aya ta 41, inda aka ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Dubi tafkin Aral a tsakiyar Asiya. A 1960 shi ne na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Sir Darya, zuwa gonakin auduga, ruwa ya yi ta ja da baya har a 2014 ɓangarensa na gabas ya bushe ƙurmus, jiragen kamun kifi suka rage a zaune kan yashi da gishiri. Amu Daryan nan shi ne Jaihun na littattafan tarihi, wanda garin Imam Tirmizi yake bakinsa. Mutane ne suka zauna suka tsara, mutane suka haƙa magudanan.

Gyara yana farawa daga wurin alwala. Anas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba. Yanzu tara bokiti a ƙarƙashin famfonka na minti ɗaya, ka auna. Idan lita 6 ya zubar, kuma alwalarka na cin minti biyu famfo a buɗe, ka kashe lita 12, a salloli biyar lita 60. Yawancin ruwan ma ba ya taɓa jikinka, yana tsiyaya ne lokacin da kake kurkure baki, kake tsefe gemu, kake shafar kai. Ɗebi ruwa a buta ko kofi. In dole sai famfo, buɗe shi siriri, ka rufe tsakanin gaɓa da gaɓa. Kada ka wuce wanki uku, don wanda ya ƙara a kan haka hadisi ya ce ya munana, ya ƙetare iyaka. Waswasi ne ke sa mutum wanki na huɗu da na biyar, ba tsoron Allah ba.

Sai dashe. Kowa ya san hadisin da ya ce duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga shukar musulmi sadaka ce gare shi. Abin da ba a faɗa shi ne, mataccen dashe ba ya ciyar da kowa, kuma da yawa daga itatuwan da ake dasawa a ɗauki hoto ba sa ganin damina ta biyu. Ga inda ake kuskure.

Dasa a farkon damina, bayan ƙasa ta jiƙe sosai, ka zaɓi irin da ya saba da yanayin wurin. Ramin ya ninka curin ƙasar da ke jikin saiwa sau biyu zuwa uku a faɗi, amma zurfinsa ya tsaya daidai da tsayin curin. Mutane suna zurfafa rami da kyakkyawar niyya, su binne wuyan dashen, ɓawon ya ruɓe a cikin danshi, bayan 'yan watanni ganye ya yi rawaya a rasa dalili. Yage ledar gaba ɗaya. In ka ga saiwa ta nannaɗe a gindi, warware ta ko ka datse, in ba haka ba za ta ci gaba da zagaye har ta shaƙe bishiyar. Kada ɗanyen taki ya shiga ramin, yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe ya huce. Mayar da ƙasa, danna da hannu, ka yi 'yar gangara kewaye da gindin don ta riƙe ruwa. Shimfiɗa busasshen ganye kaurin santimita 5 zuwa 8, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin dashen saboda ruɓa da gara. Shinge kuwa a ranar za a yi shi, akuya ba ta jiran gobe.

A rani biyun farko, bokiti guda sau biyu a mako, a zuba a hankali ya nutse, ya fi yayyafin kullum. Yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama, ranar da ka yi tafiya sai ta bushe. Tura yatsa cikin ƙasa kafin ka ƙara, in da danshi ka bari, don ruwan da ya kwanta ma yana kashewa. Ruwan alwalar da babu sabulu a ciki ya wadatar, a ja masa 'yar hanya zuwa gindin.

Wanda yake da kututture mai toho a filinsa ya riga mai sabon dashe nisa, domin tsohuwar saiwar tana nan da ranta a ƙasa. Ya zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran da kaifin wuƙa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, ya riƙa komawa bayan 'yan watanni yana rage sabon tohon.

An hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, an kuma kira mai bahaya a hanyar mutane ko inuwarsu mai jawo wa kansa tsinuwa, duka a Sahihu Muslim. Mai juye baƙin man inji a kwata ya auna kansa da wannan. Haka mai cinna wa tarin leda da taya wuta da magariba, hayaƙin ya shige ɗakin maƙwabci mai ciwon asma. Man a tara shi a jarka a kai wa masu karɓa, tsohon batirin mota kuma kada a fasa shi a gida, dalmar da ke ciki tana lalata ƙwaƙwalwar yara.