Alherin da aka ba mu, manaja ke cinyewa

Ina aiki a wani gidan abinci a Birnin Kebbi, shekara biyu ke nan. Tun ƙarfe bakwai na safe nake tsaye har goma na dare, ga zafin murhu, ga hawa da sauka da tire. Albashina dubu talatin. Ban zo kuka kan wannan ba, don na san mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mu kuwa mu goma sha ɗaya ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗan alherin da baƙi ke ba mu, shi ma an hana mu.

Da can mutum zai miƙo kuɗi ya ce riƙe canjin, ka jefa aljihu, ka samu na kabu-kabu zuwa Badariya. Yanzu kowa tiransifa yake yi ko ya sa kati a POS, komai ya faɗa hannun manaja. Ranar Juma'a wani Alhaji ya zo da baƙinsa daga Argungu, mutum takwas. Ni na kai musu tuwon shinkafa da farfesun kifi, ni na zuba musu ruwan wanke hannu, ni na goge tebur. Da zai biya, a gabana ya ce wa manaja, "Na ƙara dubu biyar, na yaron nan ne." Da muka tashi na ce, "Oga, saƙon Alhaji fa?" Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Wai ya shiga asusu, za a raba ƙarshen wata. Wane asusu? Wata bakwai ba wanda ya ga ko sisi! Amma faranti ɗaya ya fashe, a ranar za a rubuta sunanka a zaftare maka dubu biyu.

Kuma doka ba ta ba shi wannan ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta hana cire tara daga albashi, ko asara ka jawo da ganganci ko sakaci, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku. Ni ban taɓa ganin tawa ba. A Amurka tun 2018 aka haramta wa manaja taɓa alherin ma'aikata, a Ingila kuma daga Oktoban 2024 dole mai gida ya miƙa shi cif, har wanda aka biya da kati.

Mu bar ma zancen Turawa. Amana aka ba manajanmu, da sunana, a gaban shaidu. Baba mai wanke-wanke, bazawara mai marayu huɗu, ita ma tana da rabo a kuɗin nan, tsoron kora ya sa ta yi gum. Gobe zan samu mai gidan da kaina, na rubuta ranaku da adadin duk abin da na ji da kunnena. In kora ce, a kore ni.