Ciwon mantuwa: wa ke binciken jininmu?

A gidajenmu, idan tsohuwa ta idar da sallar azahar ta sake tayarwa, ko ta gama cin tuwo ta ce tun safe ba a ba ta abinci ba, sai a ce: "Gigin tsufa ne, a yi mata haƙuri." Wani gidan ma kulle ta ake yi a ɗaki don kada ta fita ta ɓata. Alhali tun 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya nuna cewa cuta ce da ke barin alama a cikin ƙwaƙwalwa. Yau an san sinadarai biyu da ke kan gaba wajen ɓarnar: amyloid, mai taruwa dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da tau, mai cukurkuɗewa a cikinsu har su mutu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Amma mafi yawan jinin da aka yi binciken ƙwayoyin gado a kansa na Turawa ne. Nan damuwata take.

Hujjar cewa sakamakon binciken jinin Turawa ba lallai ya dace da mu ba ma daga Najeriya ta fito. Binciken da aka soma a 1992 a kan tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatan Indianapolis ta Amurka ya gano cewa cutar ta fi ƙaranci a Ibadan. Ƙwayar gadon APOE4, wadda ke ƙara wa Bature hatsarin kamuwa sosai, tasirinta bai kai haka ba a jikin Bayarabe. A 2023 kuma, masana da suka haɗa da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas suka gano wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 da ke ƙara hatsarin cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, kuma kusan sai a jinin 'yan asalin Afirka ake samunsa. Da ba a ɗebi jinin 'yan Najeriya ba, da har yanzu yana ɓoye. To ina na Bahaushe, da Bafulatani, da Babarbare?

Wani zai ce zazzaɓin cizon sauro bai bar mu ba, ina mu ina wannan? Kuma sabon maganin ciwon mantuwa mai suna lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 ya kai dala 26,500 a shekara, ga shi bai warkarwa, sassauta lalacewar kawai yake yi da kusan kashi 27 cikin ɗari. Gaskiya ne. Sai dai magani yakan yi araha bayan shekaru, amma wanda ba a gwada a jikin mutanenmu ba, ba mu da tabbacin yadda zai yi mana aiki ko da kyauta aka ba mu.

Shi ya sa nake jinjina wa Dakta Mahmoud Bukar Maina, mai binciken tau a Jami'ar Sussex ta Ingila, wanda ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Irin wannan cibiya na buƙatar kuɗin gwamnati da ba ya yankewa, da wutar da za ta riƙe firjin ajiyar jini dare da rana. Tana kuma buƙatar iyalai su yarda a duba tsofaffinsu, bayan an yi musu bayani da harshensu a kan abin da za a yi da jinin da aka ɗiba.