Ba kowane targaɗe ne ke buƙatar mai ɗori ba

Na karanta wani rahoto kan ciwon gwiwa da idon sawu a tsakanin matasa masu buga ƙwallo, kuma na yarda da marubucin cewa busasshen fili mai tauri yana da hannu a ciki, amma akwai abin da ya bari a baya, wato yadda ake kula da raunin bayan ya faru.

Yawancin targaɗen idon sawu yana samuwa ne idan tafin ƙafa ya lanƙwashe zuwa ciki, sai jijiyoyin da ke riƙe ƙashi ta gefen waje su miƙe ko su yage. Idan aka kai irin wannan ƙafa wurin mai ɗori ya ja ta, ya murza da ƙarfi, kumburin ƙaruwa yake yi. Abin da ya fi dacewa shi ne a huta, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na kimanin minti 15 zuwa 20, a ɗaure, sannan a ɗaga ƙafar sama. Wanda ya kasa yin taku 4 a kanta kuwa, hoton ƙashi yake buƙata.

Lamarin gwiwa ya fi tsanani. Matashin da ya ji ƙara lokacin da ya juya, gwiwar ta kumbura nan take, daga baya kuma tana sullewa in yana tafiya, mai yiwuwa jijiyar tsakiyar gwiwarsa ce ta tsinke, kuma wannan aikin likitan ƙashi ne, irin na asibitin Dala da ke Kano. Shan maganin rage zafin ciwo na Diclofenac kullum domin a koma fili yana ɓoye ciwon ne kawai, ga illa ga ƙoda da ciki.