Coge a wasan gem ha'inci ne, ku daina yi wa mai yinsa tafi

Assalamu alaikum ƙannena da abokaina.

Ranar Asabar ɗin nan bayan la'asar na tsaya wurin mai cajin waya na bakin layinmu ina jiran a miƙo min wayata, sai na ga yara sun yi dafifi a kan wani saurayi da bai wuce shekara 17 ba. Free Fire yake bugawa. Da na leƙa sai na ga wasu jajayen layuka a fuskar wayar, sun miƙe daga inda yake tsaye har kan kowane abokin karawarsa, har wanda ya laɓe a bayan gini. Ko saiti ba ya yi, da ya danna, harsashi sai a ka. Yaran kuwa sai ihu suke: "Kai, wallahi gayen nan ya iya!" Wani na cewa, "Yaya, don Allah a tura min." Shi kuma yana ta washe baki, wai a wani guruf ya samo hak ɗin, wato manhajar cogen.

Cogen ya ɓata min rai, amma tafin da ake yi masa ya fi cogen ci min rai. Me ya iya? Ku gaya min abin da ya iya. Manhaja ce ke gani, ita ke saita bindiga, shi nasa danna yatsa kawai. Amma a wurin babu yaro ɗaya da ya ce masa wannan cuta ce.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta: ai wasa ne. To, mutum 49 da ke cikin filin nan tare da shi ba aljanu ba ne. Kowannensu ɗan wani ne da ya sayi data da kuɗinsa, ya biya caji, wani ma ya yi watanni yana koyon yadda ake riƙe wayar da yatsu huɗu. Ka shigo ka kwashe su a minti biyu da abin da ba gwanintarka ba, sannan ka ɗauki hoton sakamakon ka ɗora a sitatus. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya tura hannunsa cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Mai cogen nan ma hakan ya yi, ya nuna wa mutane gwaninta a sama, manhajar sata na ɓoye a ƙasa.

Su masu gem ɗin ba su ɗauke shi wasa ba ko kaɗan. PUBG Mobile shekara 10 suke rufe akawun ɗin wanda suka kama. Ka lissafa, yaro ɗan 17 sai ya kai 27 kafin a buɗe masa, kuma duk kayan da ya saya a ciki da kuɗin gaske sun tafi. Kamfanin Valve tun 2002 yake da tsarin kamun coge mai suna VAC, wanda kuma ya kama, ana manna masa jan rubutu a shafinsa na Steam, dandalin gem na kamfanin, duk wanda ya leƙa sai ya gani. A Valorant idan aka gano mai coge ana tsaka da wasa, nan take ake tsayar da wasan, allon kowa ya yi ja da sanarwar an kama shi, kuma ba akawun kaɗai ake toshewa ba, har da kwamfutar kanta, don kada ya buɗe sabo ya dawo.

Wasu kuma sai sun tozarta shi kafin su kore shi. Masu Call of Duty sun fito da tsarin kamun coge mai suna Ricochet a 2021. A gem ɗinsu na Warzone idan suka gano ka, wani lokaci ba sa ce maka komai. Sai ka ga kana harbi harsashinka ba ya yi wa kowa illa. Ko mutanen kirki su ɓace maka, su suna ganinka, kai ba ka ganinsu. Ko a ƙwace bindigar daga hannunka ana tsakiyar faɗa. A ƙarshen 2023 suka ƙaro wani: kana dirowa daga jirgi a tsinke maka lema, ka faɗo ƙasa tim. Masu Fall Guys a 2020 tsibiri guda suka ware a asirce, suka riƙa zuba masu coge su kaɗai, ɓarawo ya kara da ɓarawo. A Guild Wars 2, shekarar 2015, 'yan wasa ne da kansu suka ɗauki bidiyon wani da ya addabe su, jami'in tsaron kamfanin ya shiga akawun ɗinsa, ya tuɓe wa mutum-mutuminsa kaya, ya sa shi ya ɗaga wa jama'a hannu, ya wurgo shi daga saman gada, sannan ya goge shi, aka saki bidiyon duniya ta gani. A wannan shekarar shugaban kamfanin da ya yi H1Z1, John Smedley, bayan sun kori dubban mutane, cewa ya yi mai son a duba batunsa ya fito a YouTube ya nemi afuwa a bainar jama'a, kuma afuwar 'yan wasa zai nema, ba ta kamfani ba. Ku kula da wannan: 'yan wasan da aka cuta su ne masu haƙƙi.

Kuma wanda yake ganin ya fi su wayo, ya ji abin da Valve ta yi a Dota 2 a watan Fabrairun 2023. Sun dasa wani ɓangare a cikin gem ɗin wanda mai wasan gaskiya ba zai taɓa taɓa shi ba, manhajar coge ce kaɗai ke leƙa wurin. Suka yi shiru, suka bar mutane suna ta shiga. Da suka gama tattara sunaye, sai suka rufe akawun sama da 40,000. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Labarin da ya fi tsaya min shi ne na wani ɗan Indiya, Nikhil Kumawat, wanda ake kira forsaken. Ƙwararre ne da ake biyansa albashi a ƙungiyar OpTic India. A watan Oktoban 2018 suka je gasar Counter-Strike a Shanghai, ana cikin wasa alƙalai suka zo kan kwamfutarsa. A gaban kyamara ya riƙa kai hannu yana ƙoƙarin goge fayil ɗin da ya ɓoye da sunan word.exe, alƙali na hana shi. Aka kori ƙungiyar daga gasar, aka dakatar da shi shekara 5, aka rushe ƙungiyar gaba ɗaya. Abokan wasansa huɗu da suka sha wahalar atisaye suka rasa aikinsu saboda shi. Har yau in an ambaci sunansa, sunan fayil ɗin nan ake fara tunawa. Akwai kuma Jarvis na ƙungiyar FaZe, ɗan Ingila, shi ma shekararsa 17 a 2019 lokacin da ya yi bidiyo yana nuna coge a Fortnite don ya burge masu kallonsa. Kamfanin Epic ya haramta masa wasan, ya fito yana kuka a gaban miliyoyin mutane. Burgewa ce ta kai shi, irin wadda yaranmu ke nema a bakin layi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Masu ƙera manhajar kuwa kotu ake kai su. A 2024 wata kotun Amurka ta ce masu sayar da manhajar coge ta EngineOwning su biya Activision, kamfanin da ke da Call of Duty, sama da dala miliyan 14. A 2021 'yan sandan Kunshan a ƙasar Sin tare da kamfanin Tencent suka tarwatsa wani gungu da aka ce ya tara kimanin dala miliyan 76 da sayar da coge, aka ƙwace motocin alfarmarsu. A Koriya ta Kudu doka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga mai ƙerawa ko rarrabawa.

Mu kuma a nan, "Yaya a tura min." Wallahi abin kunya ne. Can 'yan wasa ne ke danna maɓallin kai ƙara, su ɗauki bidiyo, su kori mai coge daga tawagarsu, mu kuma muna neman ya sa mu a tawagarsa don ya ja mu sama. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma kamfanoni da dama suna hukunta har wanda ya saba bin mai coge yana cin moriyarsa. Ban ma taɓo haɗarin da ke cikin fayil ɗin kansa ba. Kai da kanka kake kashe tsaron wayarka don ya zauna, ka ba shi izinin komai, a wayar da ke ɗauke da manhajar bankinka da hotunan 'yan gidanku. Activision ta taɓa fitar da rahoto a 2021 kan wata manhajar ɓarna da aka riƙa yaɗawa da sunan cogen Warzone. Wanda ya rubuta abin cutar wasu, me zai sa ya ji tausayinka?

Kuma kada wani ya ce min a gem abin yake tsayawa. Yaron da ya saba da cewa nasara ita ce komai, ko ta wace hanya, shi ne gobe zai shiga ɗakin jarrabawa da satar amsa a safa, uban ma ya biya a kai shi makarantar da ake rubuta amsa a allo. Shi ne zai zuba kuɗin cefanen gidansu a cacar ƙwallo saboda wani ya ce yana da tabbataccen sakamako. Ga zama har ƙarfe uku na dare ana ihu a makirfon da ashar ɗin da ko a tasha ba a yi, asuba ta wuce yana minshari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wa ke tanƙwarawa? Iyaye sun sayi waya sun miƙa, ba su san abin da ke ciki ba. Yayye kuma, waɗanda ya kamata su tsawatar, su ne ke karɓar kuɗi su saka wa ƙannensu hak ɗin.

Ni ba na hana kowa gem. Ku buga, ku ƙware, a ci ku ku koyi darasi, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ku ji tsoron Allah a cikin wayoyinku, ku gyara, masu faɗa a ji su yi magana.

Abin da ke damuna shi ne da ba haka muke ba. A dandali in ana langa wani ya saki ƙafa ya yi kamar bai saki ba, yaran ɓangarensa ne ke fara cewa ya fita. A wurin dara, dattijo in aka kama shi ya matsar da ɗa ana waige, sai ya yi kwanaki bai iya zama a majalisar ba, ba don an kore shi ba, don nauyin ido. Ɗan dambe ya faɗi a gaban garinsu ya tashi ya rungumi wanda ya kayar da shi, kuma ba wanda ya raina shi don ya faɗi. Babu kamfani, babu manhajar tsaro, babu kotu, kunya ce kawai ke aikin. Yanzu sai da wasu mutane a Amurka da Singafo suka ɗauki injiniyoyi suna biyansu albashi don su hana ɗan Musulmi, ɗan gidan mutunci, cutar abokan wasansa. In sun rufe masa akawun kuma, a majalisa jaje ake yi masa, ana tambayar wa ke da sabon hak ɗin da ba a ganewa.