Ƙaramin jirgin Masai Mara da dazuzzukan da muka saki

Duk lokacin da wani ɗan Sakkwato ya dawo daga hutu a Kenya ko Tanzaniya ya saki bidiyon ƙaramin jirgi yana sauka a tsakiyar daji, jakunan dawa na tsere a gefe, sai majalisu su rabu biyu. Wasu su ce almubazzaranci ne: "Wai mutum shi kwashi miliyoyi don shi kalli ɓauna?" Wasu kuma, musamman masu kusa da gwamnati, su ce ai mu ma abin da ya rage mana ke nan, a gina filin jirgi a bakin gandun daji, baƙi su yi ta tururuwa. A ganina dukkansu jirgin ne ya ɗauke musu hankali, alhali shi ne abu mafi sauƙi a cikin lamarin.

Mai zuwa gandun dajin Masai Mara na Kenya yawanci daga Wilson yake tashi, wani ƙaramin filin jirgi a cikin Nairobi, inda kamfanoni irin su Safarilink da AirKenya ke jigila. Jirgin da aka fi gani a hanyar shi ne Cessna Caravan, mai farfela ɗaya a hanci, mai cin mutum 12 ko kusa da haka. Kaya ba sa wuce kilo 15, kuma sai a jaka mai laushi, domin ma'ajiyar da ke ƙarƙashin jirgin matsattsiya ce, akwati mai tauri ba ya shiga. Babu bango tsakanin fasinja da matuƙi, kana zaune kana ganin duk abin da hannunsa yake taɓawa. Idan rana ta take, zazzafar iskar da ke tasowa daga ƙasa takan yi ta jijjiga jirgin, shi ya sa wanda cikinsa ke saurin juyawa ya fi son tashin safe. Cikin minti 45 zuwa awa ɗaya an isa, tafiyar da mota ke yi a awa 5 zuwa 6.

Wuraren saukar, irin su Keekorok da Ol Kiombo da Musiara, fili ne kawai da aka share aka daɓe da tsakuwa, sai 'yar rumfa da motocin masauki suna jira. Jirgi kan ajiye mutum uku a nan, ya tashi ya ajiye biyu a can, kamar motar Illela da ke sauke fasinja a Kware da Gwadabawa. Wani lokaci sai matuƙi ya sake kewayawa kafin dabbobi su ba shi hanya. Kowace jiha a Arewa za ta iya yin irin wannan fili cikin rani ɗaya.

Abin da kwangila ba ta iya kawowa shi ne abin da baƙon ya biya ya gani. Daga Yuli zuwa Oktoba dabbar da Turawa ke kira wildibis, sama da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, suna ƙaura tsakanin gandun Serengeti na Tanzaniya da Mara, suna faɗawa kogi kada na dakonsu. An keɓe gandun Mara tun 1961, Kenya ta hana farautar manyan namun daji a 1977. Amma doka kaɗai ba ta isa ba. Gandun bai wuce murabba'in kilomita 1,510 ba, ba shi da shinge, dabbobin suna fita su shiga ƙasar Masai, su kuwa makiyaya ne kamar Fulaninmu, saniya ce arzikinsu, zaki kuma abokin gaba ne.

A nan ne darasin yake. A kewayen gandun, masu filaye sun haɗa ƙasarsu suka ba da ita haya ga masu masaukin baƙi, kamar yadda aka yi a Naboisho da Mara North da Olare Motorogi. Mai fili yana karɓar kuɗin haya a kai a kai, ƙasar tana nan a hannunsa, ana tsara masa inda shanu za su yi kiwo da lokacin da za su matsa. 'Ya'yansa su ne masu gadi, su ne direbobi da jagororin baƙi. Mutumin da zaki ke biya wa ɗansa kuɗin makaranta zai yi tunani sau biyu kafin ya zuba guba a mushe. Shi kuwa babban gandun, tun 2024 baƙo daga waje yana biyan dala 200 a rana a watannin cunkoso, kuɗin kuma na ƙaramar gwamnatin Narok ne, inda gandun yake.

Ba na cewa komai lafiya lau ne. Jirgin nan yana tsallake mai sayar da abinci da mai tallar tsakiya a bakin hanya, kuɗin baƙo ya bi ta kansu ya wuce. A Loliondo ta Tanzaniya, a 2022, an yi arangama da jami'an tsaro lokacin da gwamnati ta shata kimanin murabba'in kilomita 1,500 ta hana Masai kiwo a ciki. Wannan zalunci ne, kuma mu da muka ga abin da cinye burtali da makiyaya ya jawo mana ba ma bukatar a yi mana bayaninsa. Duk tsarin da zai kori makiyayi don Bature ya ɗauki hoto ba na goyon bayansa.

Ba sai mun je gabashin Afirka ba ma. A maƙwabtanmu Nijar, a Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai, raƙuman dawa suna yawo a tsakanin gonakin gero da wake. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Da aka hana kisa, aka sa 'yan ƙauyukan suka zama jagorori, aka riƙa tallafa wa manoman da ake yi wa ɓarna, sai suka haura 600, har a 2018 aka kwashi 8 aka kai Gadabeji. Babu filin jirgi a wurin, da mota ake zuwa. Sai ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a wajen, cikinsu har da jagoran baƙi. Aikin shekara ashirin da ɗoriya ya girgiza a safiya ɗaya, jagorori suka zauna babu mai zuwa.

To, mu fa? Kuyambana a Zamfara, Kamuku a Birnin Gwari, gandun Kainji, dajin Gundumi a nan gida: sunayen da ya kamata a ji su a bakin masu yawon buɗe ido yanzu a labarin garkuwa da mutane ake jin su. Dattawanmu suna ba da labarin barewa da gwanki da jimina a dazukan da yau mutumin Isa ko Sabon Birni ko Tangaza ba ya iya shiga ya yi itace. Abin yana ci mini rai, domin dajin da gwamnati ta janye masu gadinta daga ciki, ta bar mutanen gefensa babu ribar komai, ba ya zama fanko. Wani ne zai shiga ya zauna, kuma mun ga wanda ya shiga. Yankari ce ta rage mana abin nunawa, da giwayenta da ruwan ɗumi na Wikki, ita ma tun da ta koma hannun jihar Bauchi a 2006 take fama da masu farauta ta ɓarauniyar hanya.

Don haka wanda Allah ya hore wa ya je Mara ko Okavango ta Botswana, ban ga laifinsa ba. Kallon halittar Ubangiji abin so ne. Roƙona gare shi, in ya sauka daga jirgin, ya tambayi direbansa wa ke da ƙasar da suke takawa, nawa ake biyansa, ina shanunsa suke sha da rani. Ya dawo mana da wannan amsar tare da hotunan.

Masu mulki kuwa su ajiye maganar filin jirgi tukuna. Tsaro ne farko, wannan babu gardama. Amma ko kafin ya kammala akwai aikin da za a fara: masana gandun daji na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su zauna da maharba da arɗo-arɗo da hakimai, a rubuta abin da ya saura a kowane daji, a tabbatar da iyakokinsa da burtalinsa, a kuma sa a doka tun yanzu kason da ƙauyukan gefe za su riƙa samu duk ranar da kuɗi ya fara shigowa.